Daktan da Ya Kwana a Ɗakin da Bai Taɓa Gani Ba

Laifin da zan ba da labarinsa shi ne mutum ya kankare sunan mai aiki ya ɗora nasa. Ba sata ce irin ta mai haura katanga ba, domin shi wancan ya san abin da ya ɗauka, kuma yana jin kunya ranar da aka kama shi. Ita wannan da rana tsaka ake yin ta, da babbar riga da hula, a ofis mai sanyi, har a tafa wa mai yin ta. Na ga wanda ya yi ta, na ga inda ta kai shi, a nan garinmu Jibiya, kuma ina so a ji.

Ni ban yi boko ba. Allo na yi, na ɗan taɓa littattafai a zaure, daga nan noma da fataucin hatsi tsakanin nan da Maraɗi suka ɗauke ni. Amma akwai abin da na riƙe daga zaure har yau: malami ba ya ba da karatu sai ya ce a wajen wane na ji, shi kuma a wajen wane ya ji. Wanda aka gane ya ɓoye malaminsa, ba a sake zama gabansa. Da wannan mudun nake auna masu digiri, ko sun so ko ba su so ba.

Mufida ɗiyar ƙanena ce marigayi, a hannuna ta tashi. Ta yi karatu har ta samu aiki a laburaren wata jami'a, tana jera littattafai tana nemo wa malamai abin da suke buƙata. Da ta shiga digiri na biyu aka ce ta zaɓi abin da za ta bincika, sai ta zaɓi malamai mata na bakin iyaka, irin waɗanda ke karantar da matan aure a cikin gidajensu. Tana so ta san inda suke samun littattafai, da yadda suke aiki da su, da abin da su kansu suka rubuta. Na tambaye ta amfanin wannan. Ta ce, "Baffa, a jami'a in za a lissafa masu ilimi da abin da suka rubuta, ba a sa matan nan. Ba don ba su rubuta ba, sai don ba wanda ya shiga ya gani."

Na ce to shiga ki gani.

Ta kuwa shiga. Damina guda da rani guda tana yawo. Ta je Riko, ta je Gangara, ta je Bugaje, a lokacin da ko direbobi sai sun yi tambaya kafin su kama hanya. Ta tsallaka iyaka a Magama ta shiga Ɗan Isa ta ƙasar Nijar, jandarma na juya jakarta suna tambayar me mace ke yi da takardu haka. Takalminta nawa suka tsinke ni ban sani ba. Abin da ta gano kuwa, ni da aka haifa a nan ban san rabinsa ba. Ashe littattafan da matan nan ke karantarwa da su yawanci daga Maraɗi suke zuwa, cikin kayan 'yan kasuwa. Da aka rufe iyaka, sai suka koma ɗaukar hoton shafi da waya suna tura wa juna, wata a Ɗan Isa ta ɗauka, wata a Bugaje ta kwafe da hannu. Kuma kusan kowace na da akwati a ƙarƙashin gado cike da waƙoƙin wa'azi da bayanin fiƙihu da ta rubuta da ajami, ba a taɓa bugawa ba. Mufida ta nemi izninsu, ta rubuta sunan kowace da na malamanta da abin da ta wallafa. Ba ta bar ko ɗaya ba.

Malamin da aka ba shi duba aikinta sunansa Dakta Zunnuraini. Sau ɗaya ya taɓa zuwa Jibiya a duk tsawon aikin. Ya tsaya a Magama aka ɗauke shi hoto a gaban shingen iyaka, ya sayi kilishi, ya gaishe ni ta tagar mota bai ko kashe injin ba, ya juya tun kafin la'asar don tsoron hanya.

Shi burinsa ɗaya ne, ya zama farfesa. Mufida ta bayyana mini yadda ake hawa can wurin. Mutum zai rubuta maƙala, wato guntun bincike, a buga a mujalla. In lokacin ƙarin girma ya zo sai a ƙirga maƙalunsa, a kuma ƙirga sau nawa wasu suka ambaci sunansa a nasu rubutun. Na ce da ita, a ƙirga kawai? Ba a karantawa? Ta yi dariya ta ce wai ana karantawa. Ni dai na san ko buhun gero ba na saya sai na soka masa ƙarfe na ga abin da ke ciki.

Duk babin da ta gama sai ta kai wa Dakta ya duba. Ya karɓa ya ajiye, ya ce ta dawo. Ta dawo, ya ce yana taro. Ta sake dawowa, ya ce ya yi tafiya. Haka aikin ya kwanta a hannunsa wata da watanni. Ashe ba kwanciya ya yi ba. Dakta ya yanka shi gida huɗu kamar mahauci, ya aika wa mujallu huɗu, kowane yanki da sunansa shi kaɗai a sama. Sunayen matan duk ya bar su yadda ta rubuta, don cire su aiki ne. Suna ɗaya tak ya cire, nata.

Sai da mujallun suka buga su ya sa mata hannu ta miƙa kundinta. A jami'ar kuwa akwai wata na'ura da ake zuba wa rubutun ɗalibi, ta kwatanta shi da duk abin da aka taɓa bugawa. Aka zuba na Mufida, na'ura ta ce mafi yawansa kwafe ne daga maƙalun Dakta Zunnuraini. Aka kafa kwamiti. Dakta ya rubuta musu ya sa hannu cewa shi ya yi binciken da kansa, shi kaɗai, ba da taimakon kowa ba, ya ba yarinya ta karanta don ta koyi yadda ake yi, ita kuma ta kwashe. Kwamiti ya dubi ranar da aka buga nasa, ya dubi ranar da ta miƙa nata, ya ce magana ta ƙare. Ta roƙi a aiko mutum Jibiya ya tambaya. Aka ce hanyar Jibiya ba ta biyuwa. Hanyar da yarinya ta bi ita kaɗai, 'yan kwamiti su biyar ba su iya bi ba. Aka dakatar da ita daga karatu da aiki, aka ce a zaman majalisar jami'a mai zuwa za a tabbatar da korarta.

Ta iso gida da hantsi, ta same ni a zaure ina gyaran igiyar shanu. Ta durƙusa ta gaishe ni, ba ta tashi ba.

"Baffa, an ce ni ɓarauniya ce."

"Wa ya ce?"

"Na'ura ta ce, mutane suka sa hannu."

"Me kika sata?"

"Aikina."

Na ajiye igiyar. Na ce ta faɗa mini a hankali, yadda wanda bai yi boko ba zai gane. Da ta gama, wallahi sai da na ji kunnuwana na zafi. Na ce gobe zan shiga mota in je in same su. Ta ce ko ƙofar ofis ba za a bar ni in wuce ba, in ma an bar ni, za a ba ni kujera da ruwan sanyi a ce a gaida gida. Na san gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ƙara jin haushi.

Muna cikin wannan hali sai ga labari, wai Dakta zai zo Jibiya ya yi taro. Ashe cikin sharuɗɗan zama farfesa har da nuna cewa bincikenka ya amfani jama'a, da hotuna da shaidar manyan gari. Ya aiko a tara masa dattawa da 'yan kasuwa a wata makarantar firamare, zai zo da shugabar sashensu. Matan da aka yi binciken a kansu bai gayyaci ko ɗaya ba. Ya lissafa cewa mazan da za su zo ba mai jin Turanci, za a sha lemo a ɗauki hoto a watse. Bai ma tuna cewa tsohon da ya gaisar ta tagar mota baffan yarinyar ba ne.

Da Mufida ta ji, sai ta ɗauko maƙalun nan huɗu ta shiga dubawa. Can sai ta ɗago.

"Baffa, bai karanta ba."

"Bai karanta me ba?"

"Abin da ya sata. Farko da ƙarshe ya gyara, tsakiyar ko taɓawa bai yi ba."

Ta fassara mini wurin. Akwai inda mai bincike ke faɗin yadda ya yi aikinsa, ita kuwa ta faɗi nata dalla-dalla, har da ranar da ruwa ya tsare ta a Magama ta kwana a ɗakin Malama Salmatu, matar Alhaji Yusha'u mai fataucin wake da aya. Duk yana nan a maƙalar, ƙarƙashin sunan namiji.

Na ce, "Shi ke nan, Allah ya kama shi."

Ta ce, "Ba ni da ikon fito da wannan. Sunan matar aure ne. In an karanta shi gaban maza, ita za a kalla, ba shi ba."

Na ce korarki fa za a yi. Ta ce ta sani. Ta yafa mayafi ta tafi gidan Malama Safiyatu, wadda ita ce babba a malamai matan garin nan, tsohuwa ce da ta karantar da iyayen rabin mutanen unguwarmu. Malama ta aika aka kira Salmatu, suka zauna su uku. Ni ban shiga ba, amma Mufida ta kawo mini yadda aka yi. Ta ce Salmatu ta sa aka maimaita mata wurin, sannan ta tambaya ko mutum nawa ke iya ganin wannan takarda. Mufida ta ce duk mai waya a duniya. Salmatu ta ce, "Ashe an riga an kwantar da ƙato a ɗakina ban sani ba. To gara a fito da shi gaban jama'a, da bakinsa ya ce ƙarya ne." Suka yanke cewa kada a faɗa wa Alhaji Yusha'u tukuna, domin kowa ya san shi, zai ɗauki sanda ya nufi jami'a, Dakta ya ji ya fasa zuwa.

Mufida ta ce da ni, "Abu ɗaya za ka roƙa, Baffa. Ka ce a karanta muku da Hausa wurin da ya faɗi yadda aka yi aikin, a maƙalar da ta yi magana a kan Magama."

Ranar taro aka share aji aka jera benci. Aka rataya ƙyalle mai hoton Dakta ya harɗe hannuwa. Ga mai ɗaukar hoto, ga lemo a bokiti. Dakta ya shigo cikin farar shadda tana ƙara, tare da wata mata mai furfura da tabarau, aka ce ita ce Farfesa Hanna, shugabar sashensu, kuma ita ta shugabanci kwamitin da ya dakatar da Mufida. Kirista ce, amma a Funtuwa ta tashi, Hausa a bakinta kamar ta kakarta. Alhaji Yusha'u na benci na gaba, ya zo ne don an ce manyan 'yan kasuwa kaɗai aka kira.

Dakta ya yi jawabi mai tsawo. Ya ce ilimi haske ne, ya ce matan karkara na da muhimmanci, ya ce ya sha wahala ƙwarai a wannan yanki, har ya girgiza kai. Bai ambaci gida ko ɗaya ba, bai ambaci littafi ko ɗaya ba. Ya ɗaga maƙalun huɗu sama aka tafa, mai hoto ya ɗauka. Aka fara raba lemo.

Na miƙe.

"Dakta, sannu da ƙoƙari. Ka ce a kan gidajenmu ka yi rubutu. To a karanta mana mu ji."

Ya yi murmushi. "Baba, ai Turanci ne mai zurfi, na masana. Na riga na taƙaita muku."

"Taƙaitawarka mun ji. Ni ko gona aka auna mini, sai an karanta mini takardar. Ba duka nake so ba. Wurin da ka faɗi yadda ka yi aikin a Magama, shi kaɗai."

"Lokaci, Baba. Hanya gare mu."

Farfesa Hanna ta gyara tabarau. "A'a, Dakta, dattijo na da gaskiya. Haƙƙinsu ne su ji abin da aka rubuta a kansu, mu muke koyar da haka. Kawo in fassara, ba zai ɗau lokaci ba."

Ya miƙa mata ba tare da wata damuwa ba. Wannan shi ne abin da har yau ke ba ni mamaki: mutumin bai san abin da ke cikin takardar da ke ɗauke da sunansa ba.

Ta buɗe ta fara, tana karantawa tana juyawa. "Mai binciken ya ziyarci kowace malama a gidanta. Bai tsaya a zaure ba, ya shiga har ƙuryar ɗaki, domin a can ake ajiye littattafai."

Wani a baya ya ce, "Ƙuryar ɗaki?"

Ta ci gaba, amma muryarta ta ragu. "Ya zauna a bakin gado, ya janyo akwatin littattafai daga ƙarƙashi da hannunsa, ya duba su ɗaya bayan ɗaya tare da malamar. A gidan Malama Salmatu da ke Magama, ruwan sama ya hana mai binciken komawa, mai gidan kuma ya yi tafiya Maraɗi, don haka…"

Ta tsaya. Ta dubi takardar, ta dubi Dakta.

Alhaji Yusha'u ya ajiye kwalbar lemo a ƙasa. "Don haka mi? Ƙarasa, Hajiya."

"Ban je Makka ba, Alhaji."

"Ko ba ki je ba, ƙarasa!"

Ta ƙarasa. "Don haka ya kwana a ɗakinta, suka raba dare suna duba waƙoƙin da ta rubuta."

Ban taɓa ganin benci ya faɗi da sauri haka ba. Alhaji Yusha'u ya miƙe, mutum uku suka riƙe masa riga. Mai hoto ya sauke na'urarsa ya matsa bakin ƙofa.

"Kai! Kai wanga mai farar shadda! Ɗakin iyalina ka kwana?"

"Alhaji, ka saurara, salon rubutu ne na bincike…"

"Salo? Ni ina Maraɗi ina fama da 'yan duwan masu karɓar kuɗin fito kan buhunan wake, kai kana bakin gadona kana salo? Gidana ko ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya ba ya wuce zaure sai na ce ya wuce!"

Wani tsoho daga Bugaje ya ɗaga sanda. "A duba mana ko da namu gidan a ciki."

"Da naka, da na kowa," in ji wani. "Ai an ce kowace malama."

Aji ya kaure. Dakta na ɗaga hannuwa yana cewa a yi haƙuri, zufa ta jiƙa wuyan shaddar. Alhaji Yusha'u ya fizge rigarsa daga hannun masu riƙo, amma bai kai duka ba. Ya tsaya gaban tebur ya nuna shi da yatsa.

"Ka ji ni da kyau. In ka shiga, yau ɗin nan muna gaban alƙali. In ba ka shiga ba, ka yi wa matar aure ƙazafi ka buga duniya ta karanta, yau ɗin nan muna gaban alƙali. Zaɓi wadda kake so. Mota na waje."

Dakta ya dubi ƙofa, mutane sun cika ta. Ya dubi Farfesa, ita kuwa takardar take kallo.

"Ban shiga ba," ya ce. "Wallahi ban taɓa ganin gidanka ba. Ban san ma inda yake ba."

"To wa ya kwana?"

Alhaji Yusha'u ya buga tebur.

"Aljani ne? Wa ya kwana?"

"Ɗalibata ce. Mace ce. Mufida."

Na ce, "Ɗaga murya, Dakta. Na baya ba su ji ba, kuma ni kunnena ya tsufa."

Ya maimaita da ƙarfi. Alhaji Yusha'u ya juyo ya dube ni. "Mufida ta gidanka? Wadda ta kwana biyu tana zuwa da jaka? Ai ni na sa a yanka mata zabo da na dawo!" Wasu suka yi dariya, shi bai yi ba.

Farfesa Hanna ta cire tabarau ta ajiye. Ba ta ɗaga murya ba. "Dakta, ka rubuta mana ka sa hannu cewa kai kaɗai ka yi aikin nan, ba da taimakon kowa ba."

"Farfesa, ta ɗan taimaka wajen shiga gidaje, amma tunanin…"

"Gida nawa ka shiga da kanka?"

Ta ɗora masa wata tambayar.

"Littafi nawa ka gani da idonka? Faɗi sunan guda ɗaya cikin abin da matan nan suka rubuta. Yana cikin maƙalarka."

Ya kai hannu zai ɗauki maƙalar ya duba, ta dafe ta.

Sannan ta juyo gare mu, ta ce ita ma tana da nata laifin, domin ta yanke wa yarinya hukunci da lissafin na'ura, ba ta karanta ko shafi ɗaya ba sai yau. Na ce mata haka ne, kuma ba ƙaramin laifi ba ne. Ban ga dalilin da zan sassauta mata ba don ta faɗa da bakinta. Mutum biyar masu digiri sun zauna a kan rayuwar marainiya, ba wanda ya buɗe takarda. Ta ce ta ji. Ta tambayi inda Mufida take, na ce tana gidan Malama Safiyatu. Ta ce a kai ta. Ita mace ce, ta shiga har ƙuryar ɗaki, aka janyo mata akwatin ta gani da idonta. Dakta kuwa a mota ya jira ta, gilashi a rufe, yara na leƙensa.

Kafin a bar shi ya shiga motar sai da Alhaji Yusha'u ya sa shi ya tsaya gaban jama'a ya faɗa sau uku cewa bai taɓa taka gidansa ba, bai taɓa ganin iyalinsa ba, aka ɗauka a waya. Mai hoton da Dakta ya ɗauko da kansa shi ya ɗauka.

Kada a ce abin ya tafi ba tabo. Alhaji Yusha'u ya daɗe ba ya amsa gaisuwata, ya ce na san abin da za a karanta na bar shi ya zauna a benci na gaba yana shan lemo. Yana da gaskiya, na kuma ba shi haƙuri har ya gaji ya haƙura. Salmatu ta sha surutun mata a gidan biki kafin maganar ta mutu. Gidaje da dama a Riko da Gangara sun rufe ƙofa, sun ce ko mace ce ta zo da takarda da biro kada a bar ta ta wuce zaure. Wannan ɓarnar Dakta ce, kuma waɗanda za su zo bayan Mufida su za su biya ta.

Ita Mufida an janye dakatarwar, an mayar da ita aikinta, ta kare kundinta aka ba ta digirinta. Da za a buga aikin da sunanta, sai da ta koma gida gida ta sake neman izni, ta cire zancen kwana, ta bar sunayen malaman da na malamansu. Ta kawo wa Malama Safiyatu kwafi ɗaya, yana cikin akwatin nan na ƙarƙashin gado.

Shi kuwa Dakta Zunnuraini, ga abin da ya rasa, a ƙirga tunda ƙirga suka iya. Maƙalu huɗu, mujallun sun janye su, sun kuma buga dalili a inda kowa zai gani. Kujerar farfesa da ya yi satar dominta, ta wuce shi. Da aka ga haka sai aka buɗe tsofaffin maƙalunsa aka karanta, wannan karon da ido, tsofaffin ɗalibansa biyu suka fito suka nuna nasu aikin a ciki, waɗannan ma suka tafi. An rage masa matsayi, an karɓe ofishin mai sanyi, an hana shi duba aikin kowane ɗalibi. Masu ambaton sunansa a rubutunsu sun daina. Garin Jibiya, daga Magama har kasuwa, ba shi da zauren da zai yi sallama a ce masa shigo. Sunan da ya so a riƙa kira da girma kuwa, a tashar motarmu ba wanda ya riƙe shi. In zancensa ya taso, sai dai a ce mutumin nan da ya kwana a ɗakin da bai taɓa gani ba.